A Koya wa Malamanmu Yadda Za Su Koya Mana Zama da Mutane

Ra'ayin ɗaliban ajin ƙarshe

Bayan godiya ga Allah Maɗaukaki da salati ga Annabi Muhammadu (SAW), muna neman izinin malamanmu da iyayenmu mu faɗi wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu. Muna faɗinta ne da ladabi, kuma don muna ƙaunar wannan makaranta.

Tun da aka buɗe madarasar farko mai haɗa Larabci da Faransanci a garin Say a 1957, irin makarantarmu ta fitar da alƙalai, limamai, malamai da ma'aikata. A 1986 kuma Jami'ar Musulunci ta Say ta fara karɓar ɗalibai. Wajen hadda da nahawu da fiƙihu, alhamdu lillahi, ba mu jin kunyar kowa. Amma ku dubi yayyenmu da suka samu BEPC da BAC, har wasu suka dawo daga Azhar ko Madina. Da yawansu suna gida da takardunsu a cikin jaka. Kowa ya san gwamnati ba za ta iya ɗaukar kowa ba, a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su wuce shekara 15 ba.

To ina aikin yake yanzu? Yana wurin kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, da shagunan gyaran salula, da ƙungiyoyin agaji, da makarantu masu zaman kansu, da ƴan kasuwar da ke ɗauko kaya daga Kano ta hanyar Magarya ko Matamai. Yana kuma wurin manyan ma'aikatu irin matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011. A waɗannan wurare takarda tana kai mutum bakin ƙofa ne kawai. Abin da ke shigar da shi ciki shi ne ya iya gabatar da kansa cikin minti biyu ba tare da rawar murya ba, ya iya rubuta takardar neman aiki mai tsabta, ya zo a kan lokaci, ya saurari abokin ciniki mai fushi har ya huce, ya yi aiki da wanda ba yarensu ɗaya ba, kuma in matsala ta taso ya nemo mafita kafin maigida ya dawo. Ko a Kasuwar Dole, ku tambayi kowane Alhaji wane yaro yake bar wa makullin shago. Zai ce muku mai amana, mai sakin fuska, wanda lissafinsa ba ya ruɗewa.

Ga inda gizo ke saƙa. Yawancin darussanmu haka suke tafiya: malam ya rubuta a allo, mu kwafa, mu haddace, ranar jarrabawa mu mayar masa da kayansa. Akwai ɗalibin da zai yi wata tara a aji bai taɓa miƙewa ya yi bayani da bakinsa ba. Ƴan mata kuwa abin ya fi yi musu yawa, don ko sun san amsa sai su sunkuyar da kai. Ba mu ga laifin malamai ba. Haka aka koyar da su, kuma da yawa daga cikinsu ƴan kwantaragi ne da aka tura aji da ɗan gajeren horo, ga yara cike da ɗaki, ga albashin da bai kai ya kawo ba. Mutum ba ya ba da abin da ba a ba shi ba. Shi ya sa muke cewa gyaran daga malami zai fara.

Mun san abin da wasu dattawa za su ce: tarbiyya a gida ake yinta, kuma yaron da aka saba masa da yawan tambaya zai fitsare. Mun yarda kunya ado ce, kuma ba mu so a raba mu da ita. Amma kunya daban, tsoro daban. Ɗalibin da ya ɗaga hannu ya ce "Malam, a sake mini, ban gane ba" bai yi rashin ladabi ba, ai matambayi ba ya ɓata. Kuma abubuwan nan ba baƙi ba ne a addininmu. Tun kafin annabci mutanen Makka suna kiran Manzon Allah (SAW) Al-Amin, kuma saboda gaskiyarsa Nana Khadija ta danƙa masa dukiyarta ya tafi fatauci Sham. Shawara, cika alkawari, iya magana, haƙuri da jama'a, duk muna karanta su a darasin ahlaƙ. Abin da ya rage shi ne a ba mu filin gwada su a aikace, kamar yadda ake kai mu bakin famfo a ga yadda muke alwala.

Wasu kuma za su ce babu kuɗi. Gaskiya ne, amma yawancin abin da muke roƙo bai buƙatar ko dala.

Na farko, makarantun horar da malamai, irin ta Askiya Muhammad da ke nan Damagaram, su koya wa malamai masu tasowa yadda ake raba aji ƙungiya-ƙungiya, da yadda ake yin tambayar da ke sa yaro tunani, da yadda ake gyara wa ɗalibi kuskure ba tare da an kunyata shi gaban abokansa ba. Malaman Larabci ma a saka su ciki, kada a bar su baya.

Na biyu, malaman da ke bakin aiki suna da taron CAPED inda suke haɗuwa su ƙaru da juna. A ware wani sashe na taron don wannan. Malamin da ya gwada wata dabara ta yi kyau ya nuna wa sauran.

Na uku, a nan makarantarmu a mayar da muhadara abin kowane mako, kowane ɗalibi, namiji da mace, ya samu ranarsa. A yi ta da Larabci, da Faransanci, da Hausa. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ke nan wanda ya iya fassara bayani daga wannan harshe zuwa wancan yana da abin sayarwa.

Na huɗu, kwamitin iyaye da ke kula da makaranta ya riƙa gayyato masu sana'a, tela ko makaniki ko ungozoma ko mai shago, su faɗa mana da malamanmu abin da ke sa su riƙe yaro da abin da ke sa su sallame shi.

Mu ma akwai namu nauyin. In malam ya raba mu ƙungiya, kada mu bar wa mutum ɗaya aikin. In ɗan'uwanmu ya yi tuntuɓen harshe a muhadara, kada mu yi masa dariya, don dariyar nan ita ke rufe bakin mutum shekara da shekaru.

Mu dai mun kusa fita, amma ƙannenmu suna nan tafe, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna roƙon shugaban makaranta ya sa wannan magana a taron malamai na farkon shekara mai zuwa. Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ilimi mai amfani da sana'a ta halal. Amin.