Gorar da ke Tsaye a Jirgin Cai Rang

Jama'a, wanda duk ya ga hoton kasuwar kan ruwa ta Cai Rang, a Can Tho ta ƙasar Biyetnam, sai ya ce sambarka: jirage maƙil da abarba da kankana, mata sanye da malafa. Baƙo kyau yake gani. Ɗan gari kuwa idonsa na kan doguwar gorar da aka kafa a jirgi, domin abin da aka rataya mata shi ake sayarwa. In ganyen jinka ne, to jirgin kansa ake nema wa mai saye. Ni dai fassarar ɗan gari na ɗauka, don ita ke nuna halin da ake ciki: tun da aka buɗe gadar Can Tho a 2010, kaya sai ƙara komawa mota suke yi, jirage na ta raguwa.