Wa ya ce harkar Nijar ba ta shafi talaka ba?

Edita, ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in amayar da abin da ke cina. A makon jiya na ji wani jami'i a rediyo yana cewa wai hulɗar Najeriya da Nijar harka ce ta masana, talaka ya ja bakinsa. Wallahi maganar nan ta ƙona min rai.

Da sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi aka rufe iyaka, wa ya ji a jikinsa? Maƙwabcina direban tirela ne, motarsa ta maƙale a Illela har kayan gwarin da ya ɗauko suka ruɓe, matarsa na karɓar bashin garin tuwo a unguwa. Bayan rufe iyakar, da idona na ga magidanci ya taya ragon suna, ya ji kuɗi, ya saki igiyar ya juya. Su ne za su ja baki?

Wutar lantarkin da aka yanke wa Yamai a lokacin takunkumin daga madatsar Kainji take fita, a jiharmu. Ga madatsar Shiroro, ga ta Zungeru, amma mu a Minna muna kwana a duhu. Masanan dai su ke cewa kowace ƙasa buƙatarta take bi. To, kogin Kwara ta Nijar yake biyowa kafin ya iso mana, ga su can suna aikin madatsar Kandaji. Wace buƙata ce ta sa mu tsokani wanda ke saman ruwa?

Dattijonmu Janar Abdulsalami ya je Yamai tare da Sarkin Musulmi neman sulhu. An janye takunkumi a Fabrairun 2024, duk da haka Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. An tashi ba tsuntsu ba tarko.

Matasanmu kuwa suna Facebook suna zagin juna, wannan na Rasha, wancan na Faransa, ba mai tambayar wakilinsa a majalisa me ya ce.

Shugabanni su ji tsoron Allah. Kafin a sake rufe iyaka, a tuntuɓi direbobi da 'yan kasuwa, domin su ne ke biyan kuɗin shawarar da aka yanke a Abuja.

Naka,
Mai karatu daga Bosso, Minna