Malamin Kimiyya: Shin Taura Biyu Ba Ta Taunuwa?

Sanin kowa ne cewa kowace shekara dubban ɗalibai kan zauna jarrabawar JAMB da burin karatun likita ko haɗa magunguna. Idan makin bai kai ba, sai a tura wasu Tsangayar Ilmi, inda za su yi digirin da ya haɗa kimiyya da koyarwa, wanda ake kira B.Sc.Ed. Da yawa kan karɓi gurbin bisa dole, suna jiran damar sauya sheƙa. Masu suka kuwa cewa suke yi taura biyu ba ta taunuwa: ɗalibin bai kai takwaransa na Tsangayar Kimiyya zurfi ba, ga shi an cika masa ciki da darussan tarbiyya. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta isa hujjar raina digirin ba.

Tsarin ba sabon abu ba ne. Kwamitin Sir Eric Ashby, wanda ya miƙa rahotonsa a 1960, ya ga cewa makarantun sakandaren Nijeriya sun dogara da malamai baƙi, don haka ya ba da shawarar jami'o'i su riƙa horar da malamai masu digiri. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta soma a 1961, sauran jami'o'i, har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka bi sahu. Ɗalibi kan yi shekara 4, ko 3 in ya shigo da takardar NCE, yana ɗaukar darussan ilmin halittu a sashensu, darussan koyarwa kuma a Tsangayar Ilmi. Ɗaya hanyar ita ce mutum ya gama digirin kimiyya zalla, sannan ya ƙara diflomar koyarwa ta shekara guda.

Me ya sa sanin kimiyya kaɗai bai wadatar ba? Amsar tana cikin aji. A ɗauki darasin gadon halitta. A Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila. Littafi ya ce idan miji da mata duka AS ne, yiwuwar haihuwar mai SS kashi 1 ne cikin 4. Ɗalibi zai haddace wannan, ya zana jadawalin daidai, ya ci maki. Amma a zuciyarsa abin da ya ɗauka shi ne, in an haifi 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai kamu, sauran ukun sun tsira. Alhali kowane ciki lissafinsa dabam ne, ana iya samun biyu ko uku a jere. Wannan kuskure ba a takardar jarrabawa yake tsayawa ba, yana bin yaro har ranar da zai nemi aure. Malamin da ya san inda ɗalibai suke tuntuɓe zai sa kowa ya jefa kwabo biyu sau 40, a ƙirga sakamako a allo, su gani da idonsu cewa jifan baya bai da iko da na gaba.

Haka nan yara da yawa sun yi imani cewa ƙasa shuka take ci ta girma. Wanda ya san tarihin fanninsa zai kawo musu gwajin Van Helmont na ƙarni na 17: bishiyar da ya dasa a tukunya ta ƙara nauyin kimanin kilo 74 cikin shekara 5, ƙasar kuwa ko giram 60 ba ta rasa ba. Daga nan sai tambaya ta taso daga bakin ɗalibai, ba daga littafi ba. Irin wannan sani, wato sanin yadda ake shigar da wani darasi na musamman cikin kan yaro, shi ne Lee Shulman na Jami'ar Stanford ya bayyana a 1986 a matsayin abin da ya bambanta malami da masani kawai. Ba a samunsa sai an cuɗa fannonin biyu, kuma digirin haɗin gwiwa ne ya fi ba da lokacin cuɗawa.

Sai dai fa akwai gyara. A wurare da dama tsangayoyin biyu kamar kishiyoyi suke zaune: jadawalin darussa na karo da juna, mai koyar da gadon halitta bai san abin da ake faɗa a darasin dabarun koyarwa ba, shi ma wancan bai taɓa leƙa ɗakin gwaje-gwaje ba. Ɗalibi ne ake bari ya ɗinke ɓarakar shi kaɗai. Koyarwar gwaji a makarantu kuwa makonni kaɗan ne, wani lokaci mai duba ɗalibin ma ba masanin darasin ba ne.

Ya kamata jami'o'i su samar da darussan da malaman tsangayoyin biyu za su koyar tare, su tsawaita koyarwar gwaji, su kuma tabbatar ba a rage wa waɗannan ɗalibai aikin ɗakin gwaje-gwaje ba. Gwamnatocin jihohi su ware musu tallafin karatu na musamman. Tun 1993 doka ta kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, don koyarwa ta zama sana'ar ƙwararru, amma rajista ba ta jawo haziƙai in albashi na korarsu.

Malaman sakandare su ma suna da nasu kason, domin ɗalibi mai hazaƙa da wuya ya ji malaminsa ya ce masa ya zaɓi koyarwa. Likitan da ake alfahari da shi a yau, wani malamin aji huɗu ne ya fara nuna masa ƙwayar halittar albasa a madubin ƙara girma. Idan aka bar wannan aiki ga waɗanda suka rasa mafita kawai, to nan gaba ko masu cin makin likitan za su yi wuyar samu. Allah Ya sa masu faɗa-a-ji su duba.