Ƙwaro mai almakashi a wutsiya: kafin ki aika a sayo fiya-fiya



Daren Talatar da ta wuce ƙanwata ta kira ni wajen ƙarfe goma sha ɗaya, muryarta na rawa. Ta ɗaga katifar jaririyarta za ta gyara shimfiɗa, sai ga wasu ƙwari uku sun watse da gudu, sirara, masu launin ƙasa-ƙasa, kowanne da abu kamar almakashi a wutsiya. Ta ce, "Yaya, an ce kunne suke shiga su ci ƙwaƙwalwa. Babanta ma ya fita neman fiya-fiya." Na ce maza ta kira shi ya dawo gida, domin abin da ya tafi sayowa ya fi ƙwaron haɗari ga 'yar wata huɗu.

Na san da yawanku kun ga wannan ƙwaro, musamman yanzu da ake marka. Ba shi da dafi, ba a san shi da yaɗa cuta ba, ba ya shan jini kamar sauro ko kuɗin cizo. Almakashin nan na kare kai ne da kama abinci. Idan kika damƙe shi zai iya mintsininki, iyakarta ke nan. Zancen cin ƙwaƙwalwa kuwa camfi ne, kuma ba mu kaɗai ke da shi ba: Turawan Ingila da na Faransa ma da kunne suka raɗa masa suna saboda irin wannan tsoro. Wani abu da ya sa na rage ƙinsa shi ne, macen tana zama a kan ƙwanta tana gadi, tana lashe shi don kada ya yi fumfuna, har ya ƙyanƙyashe. Uwa ce ita ma. Amma dai ba a ƙarƙashin katifar 'yata ba.

Fiya-fiya fa? Yawancin wadda ake ɗurawa a kwalabe ana sayarwa a bakin titi maganin ƙwarin gona ne mai suna dichlorvos, ba a yi shi don ɗakin kwana ba. Yana bin iska ya shiga huhu, yana kuma ratsa fata. Yaro mai rarrafe shi ya fi kusa da ƙasa, hannunsa kullum a baki. Ga shi kuma ba ta magance matsalar: ki kashe goma yau, jibi wasu goma su shigo, tunda abin da ya kira su yana nan.

Abin da ke kiransu shi ne danshi da duhu. Jikinsu ba ya jure bushewa, shi ya sa da rana suke maƙalewa a wuri mai laima, sai dare su fito kiwo. Don haka da safe na je gidan ƙanwar tawa muka zagaya. Katifar a ƙasa take, manne da bangon da ruwan sama ke duka daga waje, ƙasanta ya yi sanyi kamar an yayyafa ruwa. A bayan ƙofa akwai tsumman goge ɗaki a dunƙule, jiƙe. Muka gusar da randa, sai ga su sun fi goma. Ƙarƙashin turmi ma haka, da cikin itacen girkin da aka jingine a jikin bango. A kicin kuma muka tarar da ɓawon ɗanyar masarar da aka saya shekaranjiya a cikin leda. Wannan ƙwaro yana son zama a tsakanin ɓawon masara da kan zangarniyar gero, kuma ta nan yake shigowa gidaje da yawa da damina da kaka. Tun daga ranar na ce ta riƙa ɓare masara a tsakar gida, a zubar da ɓawon nan take.

Aikin ranar bai ci ko kwabo ba. Muka fitar da katifa da tabarma rana, muka janye shimfiɗa daga bango kamar taƙi ɗaya. Aka ɗora randa a kan bulo biyu don iska ta riƙa ratsa ƙasanta, itace ya koma nesa da ɗaki a kan duwatsu, tsumma ya hau igiyar shanya. Maigidan ya share makwararar da ganyen darbejiya ya toshe, ya kuma yi alkawarin cike tsagar bango da siminti. Ƙasan ƙofa, inda haske ke shigowa, a nan ƙwaro ma ke shigowa. Tsohuwar robar taya ko ƙyalle mai kauri da aka buga da ƙusa ya wadatar. Idan akwai ƙwan lantarki a daidai bakin ƙofa, a matsar da shi ko a kashe da wuri, don haske na jawo wasunsu.

Waɗanda suka riga suka shigo kuma, tarko ake yi musu, da halinsu ake kama su. Ki sami tsohuwar jarida ko guntun kwali, ki ɗan jiƙa, ki naɗe kamar tabarma, ki ajiye da magariba a inda kika gan su. Kafin asuba za su shige ciki neman mafaka. Da safe ki kakkaɓe shi a bokitin ruwan sabulu, ko ki kai wa kaji idan kina kiwo, su kam biki ne. Tarko na biyu ya fi kamawa a tsakar gida da wajen shuke-shuke: gwangwanin sardin da ragowar mansa, a ƙara man gyaɗa kamar cokali uku, a binne shi bakinsa daidai da ƙasa. Ƙarnin kifi zai kira su, su faɗa, mai ya riƙe su. Wannan kada a sa shi a ɗaki, zai gayyato tururuwa da kyanwa, kuma a nisanta shi da inda yara ke wasa. Wanda kika gani yana yawo, ruwan sabulun wanke-wanke a kwalbar feshi yana kashe shi idan ya same shi kai tsaye. Ki daure mako guda kina maimaitawa, za ki ga suna raguwa kullum.

Masu ɗan lambu a bayan gida, kada ku bi su har can da yaƙi. Suna ɗan taɓa sabon tsiro, amma suna cinye ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganye da ƙwan tsutsa.

Saura maganar kunne, tunda ita ce ainihin abin da ya hana ƙanwata barci. Kowane ƙaramin ƙwaro na iya faɗawa kunnen mai barci a ƙasa, kyankyaso ma ya fi yin haka. Idan ya faru, kada ki zura tsinke ko auduga ko ashana, tura shi ciki za ki yi. Ki karkatar da kan yaron, kunnen ya kalli ƙasa, ko zai fito da kansa. Babba ko yaron da ya tasa, idan kunnen ba ya zubar da ruwa kuma ba a taɓa cewa dodon kunnensa ya fashe ba, ana iya ɗiga man zaitun mai tsafta kaɗan don ƙwaron ya daina motsi, sannan a tafi asibiti a cire. Jariri kuwa kada ki ɗiga masa komai, ki goya shi ku tafi. Kuma ki riƙa soke gidan sauro a ƙarƙashin katifa ta kowane ɓangare, bayan kin kakkaɓe zanin gado.

Jiya na tambayi ƙanwata labari. Ta ce daren farko ta ƙirga goma sha huɗu a cikin jarida, daren jiya biyu kacal, kuma kajin maƙwabciyarta sun fara jiranta a bakin ƙofa da sassafe.