Sharhi: Ƴaƴan ƙabilar Roma sun shiga makaranta a Turai, amma ajinsu daban

A watan Afrilun 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta gurfanar da ƙasar Slovakiya gaban kotun ƙungiyar da ke Luxembourg, bisa zargin cewa tana ware yaran ƙabilar Roma a makarantu da azuzuwa na daban. Tun shekarar 2015 ake yi wa ƙasar kashedi kan wannan batu, kamar yadda aka yi wa Jamhuriyar Cek a 2014 da Hungari a 2016. Kai ƙarar ya sake tayar da tambayar da Turai ta daɗe tana fama da ita: me ya sa bayan dokoki da tsare-tsare da kuɗi masu yawa, har yanzu ɗan Roma ba ya zama kan benci ɗaya da ɗan maƙwabcinsa?

Su wane ne Roma?

Sunan nasu ba shi da alaƙa da birnin Roma na Italiya. Masana harshe sun gano asalinsu a arewacin Indiya, inda kakanninsu suka taso kimanin shekaru dubu da suka wuce. A yau an ƙiyasta yawansu tsakanin miliyan 10 zuwa 12 a nahiyar Turai, kusan miliyan 6 daga ciki a ƙasashen Tarayyar Turai, wato su ne ƙabila marar rinjaye mafi girma a nahiyar. Mai kallon tashoshin Faransa zai ɗauka mutane ne masu yawo a motoci daga gari zuwa gari, alhali mafi yawansu zaunannu ne a ƙauyuka da unguwannin bayan gari, musamman a Romaniya, Bulgeriya, Hungari, Slovakiya da Sifaniya.

Tarihinsu a Turai mai ɗaci ne. A yankunan da suka haɗu suka zama Romaniya, an riƙe su a matsayin bayi har zuwa 1856. A yaƙin duniya na biyu ƴan Nazi sun hallaka dubban ɗaruruwansu. Wanda bai san wannan ba, ba zai fahimci dalilin da ya sa wasu iyayen Roma ke ɗari-ɗari da duk wata takarda da ta fito daga hannun hukuma ba.

Yadda wariyar ke aiki

Babu wata doka a Turai da ta ce a ware yaran Roma. Ta bayan fage abin ke faruwa. Hanya ta farko ita ce jarrabawar auna ƙwaƙwalwa da ake yi wa yaro ɗan shekara shida, cikin harshen da sau da yawa ba shi ake yi a gidansu ba. Idan ya kasa, sai a rubuta cewa yana da raunin fahimta, a tura shi makarantar musamman wadda darasinta bai kai na sauran yara ba. Daga nan hanyar sakandare ta toshe.

A kan haka ne yara 18 daga birnin Ostrava suka kai Jamhuriyar Cek ƙara gaban Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg. A watan Nuwamban 2007 kotun ta ba su gaskiya, bayan an gabatar mata da alƙaluman da ke nuna cewa yiwuwar tura ɗan Roma irin wannan makaranta a birnin ta ninka ta sauran yara sau 27.

Hanya ta biyu ita ce gudun iyaye. Da zarar yaran Roma sun yi yawa a wata makaranta, sai sauran iyaye su kwashe nasu zuwa wata, ƙwararrun malamai su bi bayansu. Ta uku kuwa matsuguni ne: unguwar da ke can gefe, ba hanya ba mota, makarantar da za a gina mata ta ƴaƴanta ce su kaɗai.

Binciken da hukumar kare haƙƙoƙi ta Tarayyar Turai, FRA, ta gudanar a 2021 ya nuna cewa kashi 52 cikin 100 na yaran Roma masu shekaru 6 zuwa 15 suna makarantun da duka ko mafi yawan ɗalibansu Roma ne, alhali a 2016 kashi 44 ne. Wato abin ƙaruwa ya yi. Binciken ya kuma gano cewa kashi 80 cikin 100 na cikin haɗarin talauci, kashi 22 ba su da ruwan famfo a gida, kuma kashi 27 kacal na matasa masu shekaru 20 zuwa 24 suka kammala babbar sakandare.

Tsari a Brussels, hukunci a hannun magajin gari

Ba a rasa tsare-tsare ba. An yi shirin shekaru goma na shigar da Roma cikin al'umma daga 2005 zuwa 2015, an yi tsarin Tarayyar Turai na 2011, sannan na 2020 zuwa 2030 wanda ke son a wayi gari ƙasa da yaro ɗaya cikin biyar ne ke makarantar wariya. Matsalar ita ce Brussels na ba da kuɗi da shawara, amma wanda ke shata iyakar makarantu, ya ba da fili, ya ja ruwa zuwa unguwa, shi ne magajin gari, kuma shi ƙuri'ar masu rinjaye yake dubawa.

Ƴan siyasa kuma sun gane cewa sukar Roma na kawo ƙuri'a. A 2020 kotun ƙolin Hungari ta tabbatar da diyyar kusan forint miliyan 100 ga ɗaliban Roma kimanin 60 na garin Gyöngyöspata da aka ware a makaranta, bayan Firaminista Viktor Orban ya fito fili ya soki biyan kuɗin. A Faransa, gwamnatin Nicolas Sarkozy ta rushe sansanoninsu a 2010, ta riƙa mayar da su Romaniya da Bulgeriya da Yuro 300 ga kowane baligi, kusan jika 200 na kuɗin sefa. Iyalin da ake kora daga wuri zuwa wuri, ina yaronsu zai kammala shekarar karatu?

Inda aka ga haske

A garin Vidin na Bulgeriya, tun shekarar 2000 wata ƙungiyar Roma mai suna Drom ta soma ɗaukar yara a motoci daga unguwarsu zuwa makarantun cikin gari, tare da masu taimaka musu da darasi. A Sifaniya, gidauniyar Secretariado Gitano na tafiyar da shirin Acceder na samar da aiki tun 2000, ta kuma ƙara da Promociona mai bin yaro da iyayensa har ya gama karatun dole. A ƙauyen Spišský Hrhov na Slovakiya, hukumar gari ta kafa kamfaninta, ta ɗauki ƴan Roma aikin gini da gyare-gyare.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne ba a ɗauki makaranta ita kaɗai ba. An haɗa ta da abin hawa, aikin yi ga uba da uwa, da kuma sa ƴan Roma kansu a cikin masu tafiyar da shirin. Uban da ya ga yayan yaro ya gama sakandare amma an hana shi aiki saboda sunansa ko unguwarsu, da wuya ya matsa wa ƙanen ya ci gaba da karatu.

Wasu ƙasashen sun ɗauki matakin tilasta karatun share fage: Hungari daga shekara uku tun 2015, Cek a 2017, Slovakiya a 2021. Mataki ne mai amfani, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai idan makarantar share fagen ma ta Roma ce zalla, an dai matso da wariyar kusa ne kawai.

Kafin 2030, abin lura ba yawan kuɗin da aka ware ba ne. A duba ajin farko na firamare a Slovakiya da Bulgeriya, inda kusan yaro biyu cikin uku na Roma ke karatu a ware, a ga ko ya fara gauraya.