Ba Daga Turmin Danya Aka Fara Ba

Akwai wata magana da ta zama tamkar karatu a bakin ɗalibanmu na adabi: wai fim ɗin Hausa ya fara ne a shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Ana rubuta ta a takardar jarrabawa, malami ya ba da maki, a wuce. Ban musanta shekarar ba, ban kuma raina aikin Tumbin Giwa ba. Abin da nake ja da shi shi ne yadda wannan jimla guda ta haɗiye aikin kusan shekara talatin da ya gabace ta, har matashi ya ɗauka cewa kafin kaset ɗin kasuwa Bahaushe bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Ya tsaya. Na gan shi da idona, ina yaro a Gumel.

A unguwarmu akwatin talabijin ɗaya ne, mai hoto baƙi da fari. Idan babu wuta, batirin mota ake jona masa. Eriyarsa tana ɗaure a kan dogon bututu da ya zarce soron gidan, domin daga Kano hoton yake tasowa, kuma kafin ya iso mu ya gaji. Akwai yaron da aikinsa kawai ya riƙe bututun yana juyawa, mu kuma muna ihu muna cewa ya yi, ko ya ɓata. A haka muka san Samanja da sojojinsa, muka san zaman shari'ar Kuliya, muka san Karkuzu. 'Yan uwanmu da ke zuwa daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar sukan kwana saboda wasa guda, su koma gida da labarinsa a baki, su maimaita shi a dandali kamar tatsuniya. Wanda bai taɓa ganin akwatin ba ma ya iya kwaikwayon muryar Samanja.

Waɗannan wasanni suna da gida, suna da asali. A shekarar 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, ta kafa kamfanin watsa labarai na BCNN a Kaduna, shekara uku bayan an buɗe tashar talabijin ta Ibadan a 1959. Cikin Turawan da aka yi haɗin gwiwa da su akwai kamfanin Granada na Ingila, wanda tun watan Disamba na 1960 yake shirya Coronation Street, wasa mai dogon zango da har yau bai tsaya ba. Turawa suna jingina irin wannan wasa da sunan sabulu, saboda a Amurka, a shekarun 1930, kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne suke ɗaukar nauyinsa a rediyo don tallar hajarsu ga matan gida. A Arewa gwamnati ce ta ɗauki nauyin, da kuɗin talakawa. Daga baya gwamnatin soja ta tattara tashoshin ƙasar ƙarƙashin hukumar NTA a 1977. Sa'annan a zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, Jihar Kano ta kafa tata tashar, CTV, wadda yau ake kira ARTV. A can aka shirya wasanni irin su Bakan Gizo da Hadarin Ƙasa. A waɗannan gidaje aka koyi riƙe kyamara, da saita haske, da yanka hoto, da dabarar tsayar da labari a daidai inda mai kallo zai kwana da ɗokin mako mai zuwa. Da masu bidiyo suka zo a 1990, sun tarar da ƙwararru, sun kuma tarar da jama'ar da aka riga aka koya wa zaman kallo.

To, ina waɗannan wasanni suke yanzu? Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shekarun baya na je wani gidan talabijin, wanda ba zan kama sunansa ba, ina neman kashi biyu ko uku na wani tsohon wasa don in nuna wa ɗalibai. Aka yi ta tura ni daga ofis zuwa ofis. A ƙarshe wani dattijon ma'aikaci ya ji tausayina, ya buɗe mini wani ɗaki. Kaset ne jibge a ƙasa, ƙura ta rufe su, wasu babu rubutu a jikinsu, wasu rubutun ya kode. Ya ɗauki ɗaya mai sunan wasan da nake nema, ya ce kada in sa rai, domin a lokacin ƙarancin kuɗi akan ɗora labarai ko bikin wani babba a kan tsohon kaset. Ko da ma wasan yana ciki, in ji shi, na'urar da za ta kunna shi ta daɗe da mutuwa. Na fito ba tare da komai ba. Abin da ya rage wa mai nema a yau bai wuce gutsattsarin da wasu bayin Allah suka naɗa a gida suka ɗora a YouTube ba, hoto yana rawa, murya tana shaƙewa.

Asarar ta fi yadda ake zato, saboda yawancin waɗannan wasanni ba a rubuta su kalma da kalma ba. Akan tsara ƙashin labari, 'yan wasa su zuba masa nama da bakinsu a gaban kyamara. Ke nan kaset ɗin shi ne littafin. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi sun fara ne a rediyo, amma da yake an buga Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, ga su nan ana karanta su a makarantu. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina ya tsira domin yana kan takarda. Wasan talabijin kuwa, idan kaset ya ruɓe, ya tafi da komai: habaicin, da zauranen, da Hausar barikin da Usman Baba Pategi ya mayar fasaha, da irin gaisuwar da dattawa suke yi wa juna, da ɗaurin kallabin matan wancan zamani. Ɗalibin da zai nazarci yadda Hausa ta sauya cikin shekara hamsin ba shi da shaidar da ta kai wannan, ga ta kuma muna barin gara da zafi suna cinye ta.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa. Na farko, wai wasannin barkwanci ne da farfagandar gwamnati, ba adabi ba. Gaskiya ne akwai saƙon hukuma a ciki: a kai yara makaranta, a je asibiti, a biya haraji. Amma Ruwan Bagaja ma daga gasar da hukumar Turawan mulki ta shirya a 1933 ya fito, ba wanda ya kore shi daga aji saboda haka. Kuma wanda ya kalli Samanja da idon basira ya san cewa a zamanin da soja ke mulki, samun wanda zai sa kaki ya mayar da bariki abin dariya a gaban duk ƙasa ba ƙaramin abu ba ne. Dariya ta faɗi abin da jarida ba ta iya faɗa ba.

Na biyu, wai kowa ma ya goge nasa, har Turawa. Haka ne. BBC ta goge ɗimbin shirye-shiryenta a shekarun 1960 da 1970. Sai dai a dubi abin da suka yi da suka farga. Sun bazama duniya suna nema, kuma a 2013 aka bayyana cewa an gano kashi tara na wasansu Doctor Who da suka ɓace. A ina? A ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Bature ya keto teku ya zo ya tsinci kayansa a cikin ƙurarmu, mu kuwa namu yana kusa da inda ya tsinci nasa, ba mu sunkuya ba. Haka fim ɗin Shehu Umar na Adamu Halilu, na 1976, ya yi shekaru ana ɗauka ya salwanta, sai da aka tono shi a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wannan ya isa hujja cewa ba duka ne ya mutu ba. Akwai na ceto, idan an yi sauri.

Na uku, kuma shi ya fi yi mini ciwo, wai wannan lamarin Kano da Kaduna ne, ina ruwan mutumin Maigatari? Mai wannan magana ya manta cewa sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka yanke Jigawa daga Jihar Kano. Lokacin da aka gina CTV, masarautar Gumel tana cikin masu gidan. Manomin gyaɗa na Gagarawa da mai sayar da shanu a kasuwar Alhamis ta Maigatari suna da haƙƙi a kowace kyamara da aka saya. Da aka zo rabon gado an yi lissafin motoci da gine-gine da ma'aikata. Wa ya tashi ya ce a ba mu kwafin abin da aka naɗa da kuɗinmu? Mu da muke bakin iyaka ma gadonmu biyu ne, domin a tsallake, a Damagaram, su Yazi Dogo sun yi wasan Hausa da ya cika gidajen Nijar, kuma harshe ɗaya muke ji da su.

Sai na ƙarshe, wai jihar da ke fama da ƙarancin ruwa da magani ba ta da kuɗin tsofaffin kaset. Ba na wasa da yunwa, na san ta. Amma aikin da nake magana a kai bai kai kuɗin kilomita guda na kwalta ba: a ƙirga abin da ya rage, a tsabtace shi, a nemo na'urar da ke aiki tun kafin ta ƙare a duniya, a juye shi cikin kwamfuta, a ajiye kwafi a wurare daban-daban. Hukumar fina-finai ta ƙasa tana da ma'ajiya a Jos. Akwai Gidan Arewa a Kaduna. A nan gida muna da Kwalejin Ilimi ta Gumel, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya a Dutse. Me zai hana ɗaya daga cikinsu ta ce ita ce za ta riƙe kwafin Jigawa?

Ban ɗora laifin duka a kan hukuma ba. Mu masu nazarin adabi muna da namu kason. Mun rubuta kundi a kan kundi game da littattafai biyar ɗin nan da kowa ya sani, saboda suna kan kanta, ba sa bukatar kuɗin mota. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017. Usman Baba Pategi ya bi shi a watan Nuwamba na 2023. Kowannensu ya tafi da abin da babu kaset ɗin da ya ɗauka: yadda ake tsara wasa, wa ya kawo wace dabara, me aka hana su faɗa. Sauran abokan aikinsu, masu kyamara da masu kwalliya da matan da suka jure surutun jama'a suka fito a akwati, suna nan a lungunan Kano da Kaduna da Jos, sun tsufa, ba mai tambayarsu. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa ta naɗi hirarsu.

Yau yaran Gumel suna kallon Daɗin Kowa da Labarina a tafin hannunsu, ba mai riƙe musu bututu. Ina taya su murna. Amma ranar da ɗayansu zai tambaye ni wa ya fara, ba na so amsata ta zama kwaikwayon muryar Samanja da bakin tsoho. Ina so in kunna masa ya gani.