Shirin Kundi Da Muryar Gulbin Kaba

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka fitar da daftarin sake gina ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. An yi ta muhawara kan matsayin Zabarmanci da Fulfulde da Buzanci da sauran harsunan ƙasar, kuma muhawara ce da ta cancanta. Sai dai akwai wata tambaya da ta fi shafar ɗalibin kimiyyar harshe, wadda ba a cika yi ba: wace Hausar ce za ta cika kunnuwan jama'a? Doka tana iya naɗa harshe sarauta, amma abin da yaro ke ji da dare a rediyo da kuma wayar yayansa shi ke koya masa irin maganar da ake ɗauka da daraja. A garuruwa irin su Kanan Bakashe, da ke gundumar Mayahi a jihar Maraɗi, mafi yawan wasan kwaikwayon Hausa da ake kallo a waya daga Kano yake zuwa, da Hausar Kano kuma ake yin sa. Akwai wani tsohon salon shiri da zai iya gyara wannan rinjaye, kuma ya kamata gidajen rediyon yankin da sassan nazarin harshe su haɗa hannu su farfaɗo da shi.

Wasannin kwaikwayo na rediyo da talabijin iri uku ne. Akwai mai dogon zango, wanda labari ɗaya ke tafiya mako bayan mako, kamar Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina da ake nunawa a tashar Arewa24. Akwai wanda tauraronsa ɗaya ne amma kowane mako da abin da zai same shi, kamar Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi a Kaduna. Na uku shi ne wanda sunan shirin da lokacinsa kaɗai ke nan daram, amma kowace fitowa da labarinta da mutanenta da garinta, kuma labarin yana ƙarewa a ranar. Tunda ana ce wa littafin da ya tattara gajerun labarai kundi, babu laifi a kira wannan iri na uku shirin kundi.

A Amurka, shirin kundi ya yi tashe tun zamanin rediyo. Lux Radio Theatre, wanda kamfanin sabulu ke ɗaukar nauyinsa, ya gudana daga 1934 zuwa 1955, kowane mako da wasa guda na awa ɗaya. Suspense ya yi shekara ashirin, daga 1942 zuwa 1962. Da talabijin ta zo sai ta gaji salon: Kraft Television Theatre ya fara a 1947, Alfred Hitchcock Presents a 1955, sannan The Twilight Zone na Rod Serling ya fito sau 156 tsakanin 1959 da 1964. Serling ya sha fama da masu talla da ke goge duk abin da ya taɓa wariyar launin fata ko siyasa daga rubutunsa, sai ya koma yana saka waɗannan batutuwa cikin labaran al'ajabi, kowane mako a wata duniya dabam. A Ingila kuwa, BBC ta yi The Wednesday Play daga 1964 zuwa 1970, sannan Play for Today har 1984. Ta waɗannan shirye-shirye ne aka riƙa jin Ingilishin leburorin tashar jiragen ruwa ta Libaful da na talakawan Gilasgo a gidan da aka sani da Ingilishin manya. Wannan gaɓa ce ta fi dacewa mai nazarin harshe ya riƙe. Daga baya salon ya ja baya, saboda sabon labari kowane mako yana nufin sabon fili da sababbin ƴan wasa, masu talla kuma sun fi son fuskar da mai kallo ya saba da ita. Sai a ƴan shekarun nan ya sake ɗagowa, musamman bayan fitowar Black Mirror a 2011.

Bahaushe bai jira Bature ya koya masa wannan salo ba. Hirar tatsuniya ta dare ita ma kundi ce: mai bayarwa ɗaya, wurin zama ɗaya, amma yau Gizo, gobe marainiya da kishiyar uwa. Abubakar Imam ya bi wannan tsari a Magana Jari Ce, wanda ya fito juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, inda aku ke riƙe zaren, labarai kuma suna ta sauyawa, kuma a shekarun 1980 NTA Kaduna ta mai da littafin shirin talabijin. A Nijar, inda aka buɗe gidan rediyo a 1958, Télé Sahel kuma a 1979, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Hausa irin na gidan rediyon Damagaram da na Yazi Dogo sun shahara da wasanni masu cin gashin kansu, kowane da matsalar da yake taɓowa. Janet Beik, wadda ta wallafa littafi a kan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar a 1987, ta bayyana yadda ƴan wasan ke shirya ƙashin labari tare, sannan kowa ya cika shi da kalmomin bakinsa. Ma'anar wannan ga mai nazarin harshe babba ce: abin da aka naɗa a waɗannan wasanni Hausar mutane ce yadda suke yin ta, babu editan da ya bi ta da jan alƙalami. Ko a yau, gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta tana nuna cewa masu sauraro na karɓar labari guda mai farko da ƙarshe, daga sabuwar murya kowace fitowa.

To mene ne ya haɗa salon shiri da makomar karin harshe? Shiri mai dogon zango yana zama a gari ɗaya, da mutane ɗaya, shekara da shekaru. Dole ya zaɓi kari ɗaya ya zama na gida, duk wanda ya shigo da wani kari kuma ya zama baƙo. Duk mai kallon finafinan Hausa ya san rawar da aka fi bai wa mai cewa "lahiya" da "tahi" da "hwaɗi": baƙauye, ko maigadi, ko wanda za a yi wa dariya. Alƙali da likita da saurayin da ake so duk Kananci suke yi. Yarinyar Kanan Bakashe da ta yi shekara biyar tana kallon wannan za ta fahimci saƙon ko ba a furta shi ba, ran da ta shiga makarantar sakandare a Tasawa ko jami'a a Maraɗi kuma sai ta fara jin kunyar maganar kakarta. A shirin kundi lamarin yana juyawa. Idan labarin wannan mako a Gulbin Kaba ya faru, to mai gari da malami da amarya da ɓarawo duk da bakin Gulbin Kaba za su yi magana. Karin ya daina zama alamar mutum ɗaya, ya koma iskar da kowa ke shaƙa a labarin. Mako mai zuwa a koma Gobir ko Adar ko Damagaram, mai sauraro ya ji cewa ana iya yin hukunci da soyayya da ta'aziyya da kowane ɗayansu.

Abin da za a rasa idan aka yi sakaci ya wuce lafazi. A Hausar yankin Maraɗi ana jin "munka" da "anka" inda Daidaitacciyar Hausa ke da "muka" da "aka", ana jin "zamna" da "amre" maimakon "zauna" da "aure", waɗanda masana tarihin harshe ke ɗauka su ne tsofaffin siffofin kalmomin. Ana cewa "ɗiya" inda Bakano zai ce "ƴaƴa". Akwai kalmomin aro daga Faransanci da suka zama ƴan gida, kamar "lakwal" da "mushe" da "jandarma". Akwai lissafin kuɗi da dala da jika, inda dala ashirin ke nufin sefa ɗari, jika ɗaya kuma sefa dubu. Ga kuma kalmomin sana'a: Kanan Bakashe tana bakin Gulbin Kaba, kwarin da gorubarsa ta ba shi suna, kuma yankan kaba da saƙar tabarma da tufkar igiya kowanne da sunayen kayansa da matakansa. Irin waɗannan kalmomi ba sa rayuwa a ƙamus kaɗai. Suna bukatar labarin da za a ji wata mata tana ciniki da su, ko wasu maƙwabta suna rigima a kansu gaban sarki. Yankin kuma yana tsakanin Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram, saboda haka duk maganar da aka naɗa a ƙauyukansa shaida ce kan inda wani kari ke ƙarewa wani ya fara.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji biyu masu nauyi. Ta farko ita ce, harshen da aka ɗora wa nauyin ƙasa yana bukatar daidaito, kuma ƙarfafa kare-karen harshe zai rikita makaranta. Amsar ita ce, daidaito aikin rubutu ne da littafin aji da takardar gwamnati, kuma Nijar ta riga ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa tun 1999. Baki kuwa bai taɓa zama ɗaya ba a kowane harshe mai rai. Daidaitacciyar Hausar ma sai ta fi wadata idan tana da rijiyoyin da za ta ɗebo kalmomi, maimakon ta riƙa aro daga Faransanci da Ingilishi abin da manomin Mayahi ke da sunansa tun kaka da kakanni. Hujja ta biyu ita ce kuɗi da sabo, abin da ya karya salon a Amurka. Wannan gaskiya ne a talabijin. A rediyo kuwa sauya gari ba ya cin komai sai sauya murya da ƙarar da ke baya, kuma rediyo ce har yanzu ke isa bukkar da babu lantarki. Sabon da mai sauraro ke nema kuma ana iya ba shi ta hanyar mai gabatarwa ɗaya, kamar yadda Hitchcock da Serling suka yi, kamar kuma yadda akun Imam ya yi kafin su.

Kayan aikin suna nan. Tun daga 1999, lokacin da aka buɗe ta Bankilare, gidajen rediyon karkara sun bazu a Nijar har sun haura ɗari. Ƙasar kuma tana da gadon ƙungiyar Radio-Clubs da aka kafa a 1962, wadda wakilanta ke zagaya ƙauyuka da rakoda suna naɗar muryoyin manoma ana sa su a rediyo. Abin da ake bukata shi ne shirin minti ashirin a mako, kowace fitowa daga ƙauye guda na gundumomin Mayahi da Tasawa, ƴan ƙauyen su ne ƴan wasa, batun kuma daga rayuwarsu: rabon gonar gado, ɗan ci-rani da ya daɗe a Libiya bai aiko ba, rikicin burtali tsakanin manomi da makiyayi, bashin biki. Ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni da na sauran jami'o'i su ɗauki nauyin rubuta kowane wasa yadda aka furta shi, da sunan ƙauyen da shekarar da aka naɗa, da izinin masu maganar, sannan a ajiye kwafi a cibiyoyi irin su IRSH da CELHTO da ke Yamai. Shekara ɗaya ta irin wannan aiki za ta samar da wasanni hamsin da biyu, waɗanda za su ishi ɗalibai da dama rubuta kundin digiri a kan tsarin sauti da ƙirar kalma da kalmomin aro.

Ba a cewa a daina kallon Labarina, domin masu shirya shi sun iya aikinsu, jama'a kuma na son sa. Ana cewa ne kada a bar salo ɗaya ya yanke wa miliyoyin Hausawa irin bakin da ya dace da mutumin kirki. Tsofaffin da suka san sunan kowane mataki na aikin kaba suna raguwa kowace damina, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Shugabannin sassan harsuna su ne ya kamata su fara aika wa gidajen rediyon Mayahi da Tasawa takarda, tun kafin zangon karatu mai zuwa ya raba ɗalibai da batutuwan bincike.